Lemo Goma Sha Biyu

A Valparaíso tituna ba sa kwanciya,
a tsaye suke, kamar mai leƙen katangar maƙwabci.
Matakala ɗari da sittin daga tudu zuwa bakin teku,
ni kuwa a gindin ta ƙarshe nake zama,
guduma a cinya, ƙusoshi a baki,
ina mayar wa takalma abin da hawa ya cinye.

Talata ce, hantsi ya dubi ludayi.
Wata tsohuwa, daga baya na ji ana kiranta Herminia,
ta kusa ƙure matakalar,
taku uku, hutu ɗaya, taku uku,
sai hannun jakarta ya tsinke.

Lemo ya watse.
Ya gangaro yana tsalle
kamar 'yan makaranta an kaɗa musu ƙararrawar tashi.
Ba ta yi ihu ba.
Zama ta yi, ta dafe gwiwa,
tana kallo irin na wanda jirgi ya tashi ya bari.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa, buhu a kafaɗa,
ya tare ɗaya da gefen ƙafa, kai ka ce ƙwallo ce.
Yarinya mai zanen bango, fenti har gwiwar hannu,
ta cafe biyu da hularta.
Mai kwat yana waya, ya ce wa wayar, "Ina zuwa,"
ya durƙusa da wandonsa mai tsada
ya zura hannu ƙarƙashin wata mota.
Har karen unguwa ya ɗauko ɗaya,
ya ajiye, ya yi atishawa.

Ɗaya kuwa ya wuce mu duka.
Ya wuce tebur ɗina, ya faɗa kwalta,
bas ta bi ta kansa.
Ni na gani. Ƙamshinsa ya daɗe a iska.

Sai aka fara miƙawa sama,
hannu zuwa hannu,
yadda muke miƙa bokiti ranar da gobara ta ci tudu.
Babu wanda ya tambayi sunan wani.
Ni da na yi shekara shida ban hau ba
saboda gwiwa,
sai ga ni a sama ina haki,
ina ɗinke hannun jaka da zaren takalmi.

Ta shiga ƙirga, leɓenta na motsi.
Ta kai ƙarshe, ta tsaya, ta sake daga farko.
Ta ce, "Sha ɗaya na saya.
Kuɗin bai kai dozin ba."
Ta ɗago kai: "To wannan sha biyu ne."

Mai kwat ya duba agogo.
Yarinyar ta shiga kankare fenti a farce.
Ma'aikacin jirgi ya ƙura wa teku ido
kamar yau ya fara ganinta.
Tsohuwa ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya,
ta yi wata 'yar dariya da ta jiƙa mata ido,
ta rungumi jaka, ta ci gaba da hawa.
Taku uku, hutu ɗaya.

Yanzu ku taya ni lissafi.
Sha ɗaya, bas ta ci ɗaya, saura goma.
Ɗaya nawa ne, ba zan ɓoye ba,
wanda Ximena ta saka mini a aljihu da safe
don in sa a bakin salati.
Sha ɗaya ke nan.

Na sha biyun fa?

Wata uku ke nan ina tambaya.
Duk wanda ya miƙo mini takalmi,
kafin in dubi dunduniya sai na dubi fuska:
ko kai ne? Ko ke ce?
Wani lokaci, idan zuciyata ta ce wataƙila,
nakan rage kuɗin ɗinki ban faɗa ba.
Ximena ta ce ciniki ya ja baya.
Na ce mata tsadar zare ce.